Mu ƙara sefa miliyan 2 don a ba iyayenmu hadimi a jirgin ruwa?

Assalamu alaikum Anti. Ni ƴar kasuwa ce a Yamai, ina sayar da shadda da atamfa, amma asalinmu Tawa, can iyayenmu suke zaune. Baba tsohon malamin makaranta ne, shekarunsa 76. Inna tana da 69, tana fama da ciwon gwiwa da ciwon suga. Ƙanena da ke aiki a Marsey ta Faransa ya gayyace su, bizarsu ma ta fito, sai muka haɗa kuɗi ni da shi don su yi mako guda a jirgin ruwan yawon buɗe ido na kamfanin MSC, su zaga Bahar Rum. Su biyu za su shiga, don shi ya ce ba zai samu hutu ba. Ɗaki mai baranda yuro 2,400 ne su biyun. Akwai kuma sashen manya da ake kira Yacht Club, inda ake ba mutum majordom, wato hadimi na musamman dare da rana, shi kuma yuro 5,600. Ƙanena ya dage sai wannan, wai don a samu mai kula da Inna. Ni ina ganin ƙarin ya yi yawa, ga kasuwa ba ta tafiya yadda aka saba. Da na faɗa masa sai ya ce ba a yi wa iyaye lissafi. Maganar ta tsaya mini a rai har yau. Hadimin nan ya cancanci kuɗinsa, ko rowa ce ke damuna?

Ƴar Tawa a Yamai

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya yi muku albarka ke da ƙanenki, ya sa naku su yi muku fiye da haka. Ki cire zancen rowa daga ranki. Mai rowa ba ta taɓa jarinta a irin wannan lokaci don tsofaffinta su ga teku.

Amsata ita ce kada ku biya ƙarin nan a kan dalilin da ƙanenki ya kawo. Abin da yake so a yi wa Inna ba ya cikin aikin hadimin jirgi, kuma gara ku san haka tun kuna gida, kafin ita ta gano shi a tsakiyar ruwa. Bambancin farashin da kika kawo yuro 3,200 ne. Yuro guda sefa 655.957 yake, ke nan ana maganar kusan miliyan 2 da jika 100. Kuɗin da ya kai haka dole a tambaye shi abin da zai sayo.

Ga abin da hadimin yake yi. Ranar shiga zai tarbe su a tasha, ya wuce da su ta ƙofar da babu dogon layi, ya raka su har ɗaki. In sun so, ya buɗe musu akwati ya jera kaya a kabad, ranar fita ya sake haɗawa. Yana kawo abinci da shayi ɗaki, ya cika ƙaramin firji da abin shan da suka zaɓa, ya kai wanki da guga ya karɓo, ya goge takalmi, ya kama musu wuri a gidan abinci ko wurin kallo, ya shirya musu fita gari in jirgi ya tsaya. In wani abu ya lalace a ɗaki, shi zai bi sawu har a gyara. Aiki ne mai kyau, kuma waɗanda ake ɗauka sun iya shi, akwai ladabi da sakin fuska.

To amma ki dubi bukatar Inna. Tana bukatar mai riƙe ta in za ta shiga banɗaki alhali ƙasa na motsi a ƙarƙashinta. Tana bukatar mai taimaka mata ta wanke ƙafa wurin alwala ranar da gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, mai shafa mata magani da dare, mai lura in ta yi shiru fuskarta ta canza don suga ya sauka, mai tuna mata lokacin magani ya kuma hana ta abin zaƙin da aka baje a gabanta. Hadimi ba ma'aikacin jinya ba ne. Ba ya wanka, ba ya ɗaga mutum, ba ya ba da magani, ba ya tura keken marasa lafiya a titunan Jenowa ko Barselona, domin aikinsa a cikin jirgi yake. Kamfanonin jiragen ruwa sun rubuta a sharuɗɗansu cewa fasinjan da ke bukatar taimako a lamuransa na yau da kullum ya zo da mai taimaka masa. Ko da a ce an yarda ya yi, sau da yawa namiji ne, baƙo. Ke kin fi ni sanin ko Inna za ta bar baƙon namiji ya kama mata hannu zuwa makewayi.

Kuma ba nasu ba ne su kaɗai. Nan ne tallan ke ruɗin mutane. In an ce dare da rana, ana nufin duk sa'ar da ka buga waya akwai mai amsawa, ba wai mutum guda na tsaye a bakin ƙofarka ba. Kowane hadimi yana da ɗakuna da yawa a hannunsa, yana da lokacin hutu, wani ya karɓe shi. Shara da gyaran gado da canza tawul kuwa, wannan kowane ɗaki a jirgin yana da mai yi masa, har mafi arha. Ga kuma harshe. Ma'aikatan jiragen nan da yawansu ƴan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, Ingilishi suke aiki da shi, kodayake MSC na ɗaukar mutanen Madagaska da Morishas masu jin Faransanci. Baba malamin makaranta ne, zai yi magana da su lafiya lau. Inna fa, in Baba ya fita shan iska ita kaɗai a ɗaki, da wane baki za ta gaya wa mutumin abin da ke damunta?

Akwai kuma halin mutanenmu, wanda ba a sa shi a lissafi. Dattijon da ya yi rayuwarsa yana shiga aji da alli a hannu, yana wanke jallabiyarsa da kansa in ta kama, zai yi wuya ya ɗaga waya ya kira ɗan wani don ya goge masa takalmi. Kunya za ta hana su. Za su gaishe shi, su tambaye shi iyalinsa, su sa masa albarka, su yi komai da kansu. Hadimi kuwa amfaninsa gwargwadon yadda ka aike shi ne.

Kada ki ɗauka ina cewa sashen nan ba shi da daraja. Yana da ita, sai dai ba a jikin hadimin take ba. Manyan jiragen MSC gari ne guda a kan ruwa. MSC World Europa, wanda aka mayar masaukin baƙi a Doha lokacin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya a 2022, yana ɗaukar fasinja sama da 6,000. Ki ƙiyasta wannan jama'a lokacin karin kumallo, ko a bakin lifta, ko sa'ar da kowa ke son sauka tasha guda. Yacht Club, wanda kamfanin ya fara a 2008 da jirgin MSC Fantasia, yanki ne killatacce, sai da kati ake shiga, da nasa gidan abinci, da nasa falo, da nasa wurin ninkaya da shan hantsi. Abin da kuɗin ke saye shi ne natsuwa da tsira daga turmutsitsi. Duk wanda ya yi aikin Hajji ya san tantunan manya a Mina, waɗanda ke kusa da Jamarat: ba don mai zuba shayi ake biyansu ba, don gajeriyar tafiya da ƙarancin cunkoso ne. Ga tsoho mai ciwon gwiwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba zan raina shi ba. Wasu kamfanonin jiragen ruwa ma haka: Norwegian suna da irinsa, suna kiransa The Haven, Cunard suna ba masu ɗakunan Queens Grill hadimi, Silversea kuwa kowane ɗaki da nasa, shi ya sa can farashin ya haɗa da shi tun farko.

Sai dai abu biyu suna rage darajar sashen a wurin iyayenku musamman. Na farko, farashinsa ya ƙunshi abin sha ba iyaka, kuma mafi tsada a ciki giya ce. Baturen da zai sha da rana ya sha da dare yana fanshe wani kaso mai kauri na kuɗinsa ta nan. Baba da Inna ruwa za su sha da shayi da lemo, lemon ma Inna sai da taka-tsantsan. Za ku biya kuɗin abin da ba za su taɓa ba, abin da ma ba za su so a ce an biya da sunansu ba. Haka wurin gasa jiki da ninkaya, inda maza da mata suke haɗe, ban ga Inna a can ba. Na biyu, a jiragen MSC sashen yana gaba ne, a benayen can sama, kuma nan ne aka fi jin tangaɗin jirgi in teku ta motsa. Wurin da ya fi kwanciya shi ne tsakiyar jirgi, a benen da bai yi sama sosai ba. Mutanen Tawa da ba su taɓa kwana a kan ruwa ba, jiri da tashin zuciya ne abin da za a fara yi musu tanadi, balle mai suga, wadda in amai ya hana ta cin abinci lamarin ba wasa ba ne.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ku ɗauki ɗaki mai barandar, a tsakiyar jirgi kusa da lifta, wannan miliyan 2 kuma ku sa wani na jini ya bi su. Ke nake nufi, in har za ki iya rufe ido ki bar shago a hannun amintacce na ƴan kwanaki. Na san barin shago ma asara ce, kuma na san biza ba ta da sauƙi tun da ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a farkon 2024. Jiragen Air France ma sun daina zuwa tun 2023, sai a bi ta Istanbul ko Kasablanka. Amma hanyar da aka bi aka samo wa iyayenku tasu tana nan, ki fara da ita tun yau. Kuɗin bizar Shengen, wato bizar da ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, yuro 90 ne. Ki haɗa da tikitin jirgin sama daga filin Diori Hamani da kuɗin ɗaki marar taga, wanda shi ne mafi arha a jirgin, ki ga inda lissafi ya tsaya. Ina kyautata zaton zai zo kusa da ƙarin da kuke jayayya a kai, in ba a watan Yuli ko Agusta ba ne, lokacin da Turawa ke hutu komai ya yi tsada.

Za a ce miki gado na uku a ɗakin iyayen ya fi rahusa. Gaskiya ne, amma ni da ke mun san ba za ki kwana ɗaki ɗaya da Baba ba. Mutum guda a ɗakin mutum biyu kuma ana cajinsa kusan kuɗin biyu. Tunda haka ne, gadon nan na biyu kada ya tafi a banza: in ƙanenki na da iyali a can, matarsa ko babbar ɗiyarsa ta shigo, su ba su bukatar biza ko jirgin sama. In ma bizarki ta ƙi, su ne mafita. Ku nemi ɗakin da ke fuskantar na tsofaffin, taku biyu ki ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Yawancin abin da ƙanenki ke tsoro ana magance shi kyauta, da takarda kawai. Akwai takardar masu bukata ta musamman da ake cikewa tun lokacin sayen tikiti. A nan za ku rubuta ciwon gwiwar, ku nemi a taimaka mata da keke ranar shiga da ranar fita, ku nemi kujerar wanka, ko ma ɗakin da aka tsara don masu wahalar tafiya, mai faɗin ƙofa da ƙarafan riƙewa a banɗaki. Irin waɗannan ɗakuna kaɗan ne, suna ƙarewa da wuri. A nan za ku rubuta ciwon sugan don a san abincinta. In allurar insulin take yi, ku tambayi inda za a ajiye ta, kada ku dogara da ƙaramin firjin ɗaki ba tare da an tabbatar muku da sanyinsa ba. Maganinta ya zauna a jakar hannu, da ƙari, da takardar likita, domin manyan akwatuna ana karɓe su a tasha sai bayan sa'o'i suke isowa ɗaki. Akwai likita a jirgi, amma da kuɗi ake ganinsa, kuma ba arha. Inshorar da aka yi don biza dole ta iya ɗaukar nauyin jinya na aƙalla yuro 30,000, sai dai ku karanta ta da kyau ku ga ko ta haɗa da tafiyar teku da ciwon da mutum ya zo da shi daga gida. In ba ta haɗa ba, nan ya kamata ku ƙara kuɗi tun kafin a zo kan zancen hadimi.

Ku duba tashoshin da jirgin zai tsaya. Faransa, Italiya, Sifaniya da Malta duk cikin Shengen suke. Amma wasu jiragen suna ratsawa Tunis, wadda ba ta cikin Shengen, kuma in bizar ta shiga sau ɗaya ce, wannan fita na iya jawo matsala tun a bakin ƙofar shiga. Ƙanenki ya kai hoton bizar wa mai sayar da tikitin ya samu amsa a rubuce.

Zancen naman halal ma a rubuce za ku nemi amsarsa kafin ku biya. In bai samu ba, kifi da ƙwai da shinkafa da ganye da ƴaƴan itace suna nan a wadace, ba za su kwana da yunwa ba. Ki gaya wa Inna tun yanzu cewa ba a kunna turaren wuta a jirgi, ba a shiga da dutsen guga ko tukunyar dafa ruwa ta lantarki, domin gobara ita ce babban abin tsoron masu jirgin ruwa, kuma za a karɓe su a wurin bincike. Manyan rigunan Baba a goge su tun a Marsey, ko a biya masu wankin jirgi. Buta kuwa su tafi da tasu, da sallaya. Alƙibla tana sauyawa yadda jirgi ke juyawa, lokutan salla ma haka daga tasha zuwa tasha. Talabijin ɗin ɗaki yakan nuna inda jirgi yake da inda ya dosa, waya ma tana taimakawa, hukuncin salla a jirgi kuma Baba ya tambayi malaminsa kafin ya bar Tawa. Duk waɗannan ɗiya ce za ta tuna da su da asuba, ba sai an buga mata waya ba.

In duk ƙofofin nan sun rufe, ke ba biza, can ba mai zuwa, tsofaffin su biyu za su shiga ba makawa, to a nan na yarda a biya, in kuɗin ba zai girgiza jarinki ba. A wannan hali samun lamba guda da Baba zai kira, da mai raka su ta hanyar da ba turereniya, da gidan abincin da za a san fuskarsu a san abin da Inna ba ta ci, ya cancanci wani abu. Sai ƙanenki ya rubuta takarda da Faransanci da Ingilishi a miƙa wa hadimin ranar farko: a kwashe giya daga firji, ga lokutan cin abincinta, ga abin da ba sa ci, a buga ƙofa a jira kafin a shiga. Ku tambayi yadda tukuici yake, don ana ɗora kuɗin hidima na kowace rana a kan kowane fasinja, kuma a wasu kamfanoni, kamar Norwegian, na hadimi ba ya ciki, daban ake ba shi. Kafin ku biya cikakken farashi ku duba tsarin da MSC ke kira Aurea, wanda ke tsakanin biyun, yana ba da damar shiga da wuri da cin abincin dare a lokacin da mutum ya so. Kamfanin kuma yakan aiko wa wasu masu tikiti tayin su sa farashin da za su iya don a ɗaga su zuwa babban ɗaki in an samu gurbi. Ba tabbas ba ne, amma ba a cire kuɗi sai an karɓi tayin.

Don gaba, in tafiyar ta yi musu daɗi: Saudiyya ta ƙaddamar da nata jirgin mai suna AROYA a Disamban 2024 daga Jidda. Ba giya, ba caca, abinci halal, akwai wuraren salla. Wanda zai je Umra zai iya tambaya ko jirgin na Bahar Maliya a lokacin.

Saura ƙanenki. Maganar da ya faɗa ta yi zafi, amma ban ji ta a matsayin zagi ba. Mutumin da ke nesa, wanda ba ya nan ranar da aka kai Inna asibiti, ba ya nan ranar Salla, yakan so kuɗinsa ya tsaya a inda jikinsa bai samu tsayawa ba. Kada ki shiga gardamar wa ya fi son iyaye, ba mai cin ta. Kada kuma ki ce masa kuɗin ya yi yawa, don abin da zai ji shi ne kin yi wa Inna farashi. Ki ce masa kin yarda a kashe miliyan biyun, har ki ƙara in ta kama, amma a kan abin da zai kula da ita da gaske. Ki roƙe shi ya tambayi mai sayar da tikitin tambaya guda a rubuce: shin hadimin zai taimaka wa tsohuwa wurin wanka da banɗaki da magani, ya kuma bi ta gari da keke? In amsa ta zo ya karanta da idonsa, ba sai kin ƙara komai ba. Daga nan ki tambaye shi da lalama ko da gaske mako guda ba zai samu ba, ko da zai sa a matsar da ranar tafiyar. In ya samu, shi da Baba su riƙa fita yawo a tashoshi, ke ki zauna da Inna a baranda ranar da gwiwa ta hana.

Su kansu tsofaffin a tambaye su, ba tare da ambaton farashi ba, don in Baba ya ji miliyan 2 zai ce a fasa tafiyar gaba ɗaya. Ki kira Inna bayan Isha, lokacin da gida ya yi tsit, ki ce mata za a samo wanda zai riƙa taimaka mata a jirgi, wa take so. Sunan da ta ambata, shi za ku fara nema wa takardu gobe da safe.